Shin a miƙa wa sojoji aikin agajin gaggawa ne kawai a huta?

Abban Hanifa: Salamu alaikum 'yan uwa. Damina ta kankama, hukumar hasashen yanayi NiMet ta yi hasashenta, hukumar lura da ruwan koguna NIHSA ma ta fitar da jerin jihohin da ake tsoron ambaliya kamar yadda suka saba duk shekara. Jiya a majalisa gardama ta kaure, wani abokina ya rantse ya ce da shi ne shugaban ƙasa da ya rushe hukumar agajin gaggawa ta ƙasa NEMA da duk wata SEMA ta jihohi ya ɗauki kuɗin ya ba sojoji, hujjarsa ita ce abin da ya faru a Maiduguri ran 10 ga Satumba 2024 da dam ɗin Alau ya ɓalle, wai wa aka gani a cikin ruwa in ba soja ba. Ni ban yarda ba amma ban iya kayar da shi ba. Akwai 'yan Maiduguri a gidan nan, akwai tsofaffin sojoji, akwai ma'aikatan lafiya, don Allah a zo a fahimtar da mu. Ban da zagi.

Ɗan Gwange: Wa alaikumus salam. Abokin naka bai yi ƙarya ba ta wannan ɓangaren. Ni a kan rufin kwano muka wayi gari da tsohuwata da yara, ruwan cikin dare ya shigo, kafin ka ce a ɗauko takardun makaranta ya kai ƙirji, kuma abin da ya fara iso mana babbar motar sojoji ce irin mai dogayen tayoyin nan, ita ma ba ta iya shigowa lungu ba sai da wani soja ya ɗaura igiya a ƙugu ya kutso ya goyo tsohuwata a bayansa kamar jaririya, tana ta salati tana ce masa ɗana kar ka yar da ni. Har yau ban san sunansa ba, Hausarsa ma ba ta fita sosai. Allah Ya saka masa da alheri duk inda yake.

Gimbiyar Fori: Amin ya Allah. Amma Yaya Ɗan Gwange kar a manta da samarin unguwa da 'yan kato da gora da masu tifa, wlh sun yi aiki ba kaɗan ba. Masu kwale-kwale kuwa kashi biyu ne, wasu sun yi don Allah wasu kuma suka mai da abin kasuwa suna yanka wa mutane kuɗi alhali mutum ya fito daga shi sai rigar jikinsa.

Ɗan Gwange: Haka ne ƙanwata, ban musa ba.

Baba Saje: Salamu alaikum. Ni na yi aikin soja har na yi ritaya, don haka bari in faɗa wa abokin Abban Hanifa wani abu, ba gata yake yi wa soja ba, kaya yake ƙara masa. Soja yana shiga ruwa ne saboda an ba shi oda, kuma in aka ba ka oda ba ka da ta cewa, ko ka iya iyo ko ba ka iya ba. Da yawan yaran da kuka gani a ruwan nan sojan ƙasa ne, horon da aka ba su na bindiga ne da daji, ba na ceto a ruwa mai gudu ba, ga but a ƙafa wanda in ya sha ruwa sai ya yi nauyi ya riƙa janka ƙasa. Abin da ya sa suka riga kowa isowa kuwa ba wani sirri ba ne, hedikwatar Runduna ta 7 a Maiduguri take, barikin Maimalari yana nan, barikin Giwa yana nan, rundunar Haɗin Kai da ke yaƙi da Boko Haram can ne cibiyarta, ga sojan sama da jiragensu. Wato yaƙi ne ya tara motoci da mutane a garin. To ku faɗa min, garin da babu bariki fa? Da ruwa ya ci Mokwa a jihar Neja ƙarshen Mayun 2025 da asuba, mutum fiye da 150 suka rasu, wane bataliya ce za ta iso kafin ruwan ya gama ɓarnarsa?

Abban Hanifa: Baba Saje ranka ya daɗe, wannan maganar ta Mokwa ta shige ni.

Sarkin Gardama: Baba da girmanka amma ni ina bayan abokin nan. Ai dalilin kenan da za a ba su aikin a hukumance, a ba su horo da kayan aiki da kasafi. Soja in an ce ƙarfe shida to ƙarfe shida ne. Farar hula kuwa sai an kafa kwamiti, kwamiti ya kafa ƙaramin kwamiti, a jira mai girma ya zo a ɗau hoto da buhun shinkafa sannan a fara rabo.

Lauyan Zaure: Sarkin Gardama abin da kake nema ai yana nan a takarda tuntuni. Sashe na 217 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba da damar a kira sojoji su taimaki hukumomin farar hula, kuma a tsarin agajin gaggawa na ƙasa akwai rukunonin ɗauki da aka ware a cikin rundunonin ƙasa da na ruwa da na sama da za a iya kira in bala'i ya fi ƙarfin kowa. NEMA kanta a 1999 aka kafa ta, kuma ba a tsara ta don ta yi komai ita kaɗai daga Abuja ba, tsarin hawa uku ne, tarayya, jiha, sai kwamitin ƙaramar hukuma. To hawa na ukun nan shi ne matsalar. Ƙananan hukumomi 774 muke da su, kowa a gidan nan ya tambayi kansa ko ya san mutum ɗaya da ke cikin kwamitin agajin gaggawa na ƙaramar hukumarsu, ko ya san makarantar da aka ce a gudu a taru in ruwa ya zo. Soja shi ne na ƙarshe da ya kamata a kira, mu kuma mun mai da shi na farko saboda matakalar da ke ƙasa duk ta zube.

Sarkin Gardama: Barista takarda ba ta goya tsohuwa.

Lauyan Zaure: Haka ne, amma takardar da aka yi aiki da ita tana sa a kwashe tsohuwar tun ruwa bai zo ba, ba sai an goya ta ba.

Injiniya Kanawa: Ni nan nake so a tsaya. Kowa na maganar ceto, ba mai maganar dam ɗin kansa. An gina Alau ne tsakanin 1984 da 1986 a kan kogin Ngadda a ƙaramar hukumar Konduga, don ruwan shan Maiduguri da noman rani, kuma a 1994 ya taɓa yin irin wannan ambaliya, manyanmu duk sun san labarin. Shekara 30 cur tsakani. Dam irin wannan na ƙasa ne da aka danne, yana son dubawa kullum, a ga inda yake yoyo, a ga yashin da ya taru a ciki ya rage masa zurfi, a tabbatar ƙofofin sakin ruwa suna buɗuwa. Kwanaki kaɗan kafin ya ɓalle mutanen da ke kusa suna ta ƙorafi ruwa ya yi yawa, jami'ai suka je suka duba aka fito aka ce a kwantar da hankali. Da a ranar an bi unguwannin bakin kogi da lasifika an sanar a masallatai an ce kowa ya tattara ya hau tudu, da asarar ba ta kai haka ba. Wannan ba aikin mai bindiga ba ne, aikin ma'aunin ruwa ne da mutum mai ƙarfin halin da zai faɗi gaskiya ko da za a ce ya tada hankalin jama'a. Ga shi a 2025 gwamnatin tarayya ta amince da naira biliyan 80 don sake gina shi.

Gimbiyar Fori: Mu kam jita-jita ce ta yi mana yawa a lokacin, yau a ce ya fashe gobe a ce ƙarya ne, har ranar da ya fashe da gaske wasu suka ce irin ta kullum ce suka koma suka kwanta.

Maman Sadiq: Sannunku. Ni matar soja ce, a bariki nake zaune, tun ɗazu nake karantawa ina cije baki. Sarkin Gardama kana cewa a ƙara musu aiki, ka san maigidana rabonsa da kwana gida na sati biyu a jere? In ya samu fas ya zo sai ka ga mutum a zaune amma hankalinsa ba ya nan, yara su ja ƙofa da ƙarfi ya zabura, da dare ya tashi ya zauna a bakin gado har asuba, in na tambaya ya ce ba komai. Ba ni kaɗai ba ce, in muka haɗu wurin Magajiya shugabar matan bariki ko a kasuwar mami maganar kenan a tsakaninmu, kowa na rufa wa mijinta asiri don kar a ce ya samu taɓin hankali a rubuta a fayil ɗinsa. Ga ɗaki ciki da falo, mu da yara huɗu, banɗaki na haɗaka, ruwa sai an kawo. Kuɗin abincin da ake ba waɗanda ke fagen daga sai a 2025 aka ɗaga shi daga naira 1,500 zuwa 3,000 a rana, ku je kasuwa da dubu uku ku gani. Yanzu kusan kowace jiha akwai soja a kan hanya, 'yan bindiga soja, rikicin manoma da makiyaya soja, zaɓe soja, to ambaliya ma soja, gobe kuma kwashe bola za a ce su yi? In ana son su ceci mutane a fara duba lafiyarsu su ma.

Baba Saje: 'Yata kin faɗi gaskiya, Allah Ya dawo miki da shi lafiya. Maganar rashin barcin nan kar ki yi wasa da ita, ki lallaɓa shi ya ga likita, ba ragwantaka ba ce. Mu a zamaninmu ba wanda ya gaya mana haka, da yawa sigari da kwalba suka ƙarasa su.

Maman Sadiq: Amin Baba, na gode. Ina ƙoƙari amma kun san halinku.

Sarkin Gardama: Hajiya Allah Ya ba ki haƙuri, ban yi nufin raina wahalarku ba.

Anti Nas: To bari masu allura su sa baki. Ku duk kuna kallon ranar da ruwa ya zo ne, mu kuma ranar da ruwa ya fara janyewa ita ce ranar da gabanmu ke faɗuwa. Ruwan nan ya bi ta masai da shadda da kwatami da maƙabarta ya haɗa komai wuri ɗaya sannan ya shiga rijiyoyi da burtsatse, mutum dubu ɗari huɗu da wani abu sun bar gidajensu, an sake buɗe sansanin Bakasi da aka rufe tun 2021, an cika makarantu da mutane, banɗaki ɗaya mutum ba adadi. Ga shi asibitin koyarwa na jami'ar Maiduguri shi kansa ruwa ya shige shi ya lalata na'urori masu tsada, wato inda za a kai marar lafiya shi ma yana neman agaji. Ba a cika wata ɗaya ba, ran 4 ga Oktoba gwamnatin Borno ta sanar da ɓarkewar kwalara. Ita kwalara ba ta jiran gobe, mutum ya fara zawo fari kamar ruwan wankin shinkafa da safe, kafin la'asar ido ya faɗa, ka ja fatar cikinsa ka saki ta tsaya ba ta koma ba, jijiyar da za ka sa ƙarin ruwa ma ka neme ta ka rasa. A nan motar soja ba ta da abin yi in ba ɗauko mana kaya ba. Abin da ke ceton rai shi ne kulorin a ruwan sha, sabulu, banɗaki nesa da wurin ɗiban ruwa, gadon kwalara mai rami a tsakiya da bokiti a ƙasa, allurar ƙarin ruwa, maganin rigakafin da ake ɗigawa a baki, da ma'aikacin da zai lura tun mutum na uku ya kai rahoto. Waɗannan tun watan Mayu ya kamata a ce suna ajiye a sito, kuma siton a kan tudu.

Gimbiyar Fori: Anti don Allah maimaita mana haɗin ruwan gishiri da sukari, kullum mantawa nake.

Anti Nas: In akwai na leda wanda ake sayarwa a kemis shi ya fi, leda ɗaya a lita ɗaya. In babu, lita ɗaya na ruwan da aka tafasa ya huce, ƙaramin cokalin shayi shida na sukari a shafe ba a tula ba, rabin ƙaramin cokalin shayi na gishiri. A yi ta ba shi kaɗan-kaɗan ko yana amai, ana yi ana kan hanyar asibiti, ba wai a zauna a gida ana jiran ya yi sauƙi ba. In ya kwana a zubar a haɗa sabo. Mai shayarwa kar ta daina ba da nono.

Ɗan Maraɗi: Salamu alaikum 'yan uwa na Najeriya, ku ba baƙo wuri. Mu nan Nijar 'yan kwana-kwana sojoji ne, da kakinsu da muƙamansu, irin tsarin Faransa, su ake kira a gobara da haɗarin mota da ambaliya. To abin da Sarkin Gardama ke so mu muna da shi. Amma a damanar 2024 ɗin nan dai mutum fiye da 300 suka rasu a ƙasar, jiharmu ta Maraɗi na cikin waɗanda suka fi jin jiki, tsohon masallacin Damagaram na ƙasa ya rushe, har komawa lakwal, wato makaranta, sai da aka ɗaga zuwa ƙarshen Oktoba don mutane na zaune a azuzuwa. Yawancin waɗanda suka mutu ɗaki ne ya faɗa musu cikin dare, ginin ƙasa ya sha ruwa ya jiƙe. Soja komai saurinsa gawa zai tono. Suna da amfani ƙwarai, ban raina su ba, amma ba su hana gini a kan hanyar ruwa.

Injiniya Kanawa: Madalla da ɗan uwa. Gini a hanyar ruwa da zuba shara a kwalbati, wannan kam laifinmu ne mu da masu ba da fili.

Sarkin Gardama: To ai ko a Nijar ɗin ka ga akwai wanda za a kira ya zo. Mu nan ka buga 112 ka ga ikon Allah.

Malam Shiru: Ban cika magana a nan ba amma akwai abin da ba a taɓo ba, shi ne yarda. Ba kowane gari ne mutane za su ga motar soja su nufe ta da gudu ba, wasu wuraren gudu za su yi su bar ta. Mutanen Rann ba su manta da bam ɗin da jirgin soja ya jefa a sansanin 'yan gudun hijira a Janairun 2017 ba, na Tudun Biri a Kaduna ba su manta da daren Mauludin Disambar 2023 ba. An ce kuskure ne, to amma tabon yana nan. Harkar lafiya kuwa dole sai da yarda, mace ba za ta faɗa wa mai bindiga cewa ɗanta na zawo ba in tana tsoron a kwashe su a killace.

Baba Saje: Malam ba zan kare abin da ba ya karuwa ba, waɗannan ranaku baƙaƙe ne kuma duk sojan kirki ya ji ciwonsu. Amma a faɗi ɗayan ɓangaren ma, da cutar shan inna ta sake ɓulla a Borno a 2016, akwai ƙauyukan da ma'aikacin lafiya ba ya isa ya taka, sojoji da 'yan kato da gora ne suka yi rakiya, wani wurin ma su suka ɗauki maganin suka shiga da shi, har aka kai 2020 aka ce Afirka ta rabu da ita.

Anti Nas: Gaskiya ne Baba, kuma ka ga yadda aka yi aikin ai, ma'aikatan lafiya suka tsara, suka san yaro nawa ake nema da yadda za a riƙe maganin da sanyi, soja ya buɗe hanya. Ni irin wannan haɗin nake so. Ba a ba ni bindiga ba, kar a ba shi sirinji ya zama shi ne mai yanke hukunci.

Gimbiyar Fori: Ni dai abin da ya fi tsaya min a rai kadojin gidan zu na Sanda Kyarimi da macizai da aka ce sun fito, ga fursunoni 281 sun tsere da katanga ta faɗi, wlh ko da ruwa ya janye na daɗe ban yarda na sa ƙafa a kwata ba 😭

Ɗan Gwange: Ke dai bari, mu da muka koma gida laka har gwiwa, ɗoyi kuwa ba a magana, buhun gero ya tsiro a cikin ɗaki.

Lauyan Zaure: Abban Hanifa ka gaya wa abokinka in yana son rushe wani abu ya fara da tambayar ina kuɗin asusun kula da muhalli da ake raba wa jihohi da ƙananan hukumomi suke shiga. Kuma ya tuna in aka mai da kasafin agaji ƙarƙashin tsaro, ranar da ya tambayi lissafi za a ce masa sirrin tsaro ne.

Sarkin Gardama: Wannan ta ƙarshen ta kama ni Barista, amma har yanzu ina nan kan cewa a ware bataliya guda a kowane yanki a ba su jiragen ruwa da rigunan iyo su zauna cikin shiri daga Yuni zuwa Oktoba. Ban janye ba.

Baba Saje: In za a ɗauki sababbi a horar da su don wannan kaɗai, ba a janyo na daji ba, to ni ma na sa hannu.

Maman Sadiq: Kuma a biya su alawus ɗin a kan lokaci.

Abban Hanifa: Na kwafe duka zan kai majalisa anjima. Anti Nas wani ya tambaye ni ta bayan fage, ƙwayar kulorin ɗin nan da ake jefawa a jarka, guda nawa ake sawa a mai lita 20 kuma minti nawa ake jira kafin a sha?

Anti Nas: Ya duba jikin ledar don ƙarfinsu ba ɗaya ba ne, akwai wadda aka yi don lita 20 daidai, ita guda ɗaya ake sawa. A jira minti 30. In ruwan ya yi dauɗa a fara tace shi da kyalle mai tsabta ko a bar shi ya kwanta tukuna. Ya turo min hoton wadda ke hannunsa in gani, yanzu zan shiga dutin dare sai na fito.